Bayan an kashe gobara, wa yake zama ya duba yadda aikin ya tafi?

Alhaji Mai Katifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san aikin kwana-kwana. Sanyi ya fara shigowa, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da hunturu yake zuwa da shi. Ku duba 'yan shekarun nan kawai: kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina bayanta da wata biyu, Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Kowacce an yi jaje, manya sun zo, an yi alƙawarin tallafi. Abin da nake so in sani shi ne, su ma'aikatan da suka kwana suna fama da wutar, in sun koma ofis suna zama su bi aikin daki-daki? Ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka iso, a ina ruwa ya yanke? Ko kuwa in wuta ta mutu shi ke nan, sai wata ta tashi?

Ɗan Gwagwarmaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji ai amsar ba ta da wuya. Za a kafa kwamiti, a ba shi mako huɗu, a ɗauki hoto ranar miƙa rahoto, rahoton ya shiga durowa. Kuma tun kafin kwamitin ya zauna kowa ya san sakamako: wutar lantarki ce. Mutanen da suke zuwa wurin gobara da mota ba ruwa, wane zama za su yi?

Baba Ritaya:
Ɗana, sannu da zafin rai. Na yi aikin nan tun ina saurayi har na yi furfura, don haka bari in fara da maganar "sun zo ba ruwa", domin ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ɗauki motar da tankinta yake cin lita 4,000. Tiyo ɗaya in an buɗe shi sosai yana iya zubar da lita 500 a minti guda. Yi lissafi da kanka: minti takwas tanki ya ƙare. In tiyo biyu ne, minti huɗu. Wanda ya iso wurin bayan minti goma zai ga mota tana juyawa za ta tafi ɗebo ruwa, sai ya rantse da Allah ba ta zo da ko ɗigo ba, wani ma ya ɗauki dutse. Ba na cewa ba a taɓa samun sakaci ba, ana samu. Amma tambayar da ta dace ita ce: bayan minti takwas ɗin nan, daga ina ruwa na biyu zai fito, kuma wa ya shirya shi tun kafin ranar?

Alhaji, abin da ka tambaya kashi uku ne, mutane suna haɗa su. Akwai takardar rahoton gobara da shugaban tawaga yake cikewa: lokacin kira, adireshi, abin da ya ƙone, abin da aka ceto, abin da ake zaton shi ne sanadi. Daga nan ake tattara alƙaluman da kuke ji a rediyo duk ƙarshen wata. Akwai kwamitin gwamnati, wanda Ɗan Gwagwarmaya yake yi wa ba'a, aikinsa yawanci asara da tallafi da neman mai laifi. Na uku shi ne zaman bita na ma'aikata su kaɗai, kuma shi ne wanda yake canza yadda ake aiki. Na farko dole ne. Na ukun, a inda na yi aiki, ya danganta da irin ogan da Allah ya haɗa ka da shi.

Alhaji Mai Katifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To shi na ukun yaya ake yin sa?

Baba Ritaya:
Wani oga da na yi aiki a ƙarƙashinsa, Allah ya jiƙansa, ba ya bari a naɗe tiyo sai an tsaya a bayan mota. Jikinmu sharkaf, idanu jajur, kowa yana so ya tafi. Sai ya tsuguna ya zana ginin a ƙasa da tsinke, ya ce wa ƙaramin cikinmu: kai, ina ka tsaya, me ka gani, me aka ce ka yi? Daga ƙarami ake farawa, shi ne na ƙarshe. Ya ce in ya fara magana, kowa zai ce "haka ne yallaɓai" a tashi ba a ƙaru da komai ba. Minti goma ko sha biyar an gama. In babbar gobara ce, bayan kwana biyu a sake zama a ofis da littafin ɗakin karɓar kira a buɗe, a jera lokuta.

Abban Hanif:
Baba, abin da marigayin yake yi shi ne ainihin tsarin da sojojin Amurka suka fito da shi, masu kashe gobarar daji na can suka ara. Tambaya huɗu ce: me aka shirya yi, me ya faru a zahiri, me ya sa aka samu bambanci, me za a yi in an sake. Ni aikina kula da kariyar ma'aikata ne a masana'anta, shi ya sa nake yawan karanta irin rahotannin nan. Akwai guda ɗaya da nake so Alhaji Mai Katifa musamman ya ji, don kusan sana'arsa ce.

Ranar 18 ga Yuni 2007, a birnin Charleston na jihar South Carolina, wuta ta kama wani katafaren shagon kujerun kushin, Sofa Super Store. Ta fara ne daga tarkacen da aka jibge a wajen wurin lodin kaya. An kira 'yan kwana-kwana jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai na yamma, suka iso cikin 'yan mintuna. Da suka shiga ɗakin baje kolin kujerun, ba hayaƙin kirki, sai aka ɗauka ƙaramar wuta ce a baya. Ashe ta shige tsakanin silin da rufin ƙarfe tana tafiya a saman kansu. Kafin a cika awa ɗaya da kiran farko rufin ya rufta. Ma'aikata tara suka mutu a ciki. A lokacin, tun harin 11 ga Satumba 2001 ba a yi wa 'yan kwana-kwanan Amurka rashi irin wannan a wuri ɗaya ba.

Magajin garin, Joe Riley, ya gayyato ƙwararru shida daga wajen birnin ƙarƙashin Gordon Routley. Suka saurari duk abin da aka faɗa a oba-oba a daren, suka haɗa da hotuna da bidiyon 'yan kallo, suka yi hira da waɗanda suka tsira, suka jera abin minti bayan minti.

Maman Ilham:
Innalillahi. Me suka gano?

Abban Hanif:
Anti, abubuwan da suka gano su ne suka sa na kawo labarin, don in an cire sunan garin sai ka ce kasuwarmu ake nufi. An yi wa ginin ƙare-ƙare ba tare da izini ba, har da wurin lodin da wutar ta bi ta shiga. Babu famfunan silin masu feshin ruwa da kansu. Ruwan da yake isa motocin bai wadatar ba, saboda an ja siririn tiyo daga famfo mai nisa, ga motocin jama'a suna ta bi ta kansa a titi suna daƙile ruwan. An shiga da ƙananan tiyo wurin da yake cike da soso. Manyan jami'ai kowa ya duƙufa yana aiki da hannunsa, babu wanda ya ja baya ya tsaya yana kallon ginin gaba ɗaya, babu kuma wanda yake riƙe da lissafin su wa suka shiga. Waɗanda suka ɓata a cikin hayaƙi sun yi ta kiran neman ɗauki a oba-oba, har da wanda yake barin sallahu ga matarsa, amma shugabannin da ke waje ba su ji ba. Sannan aka fasa manyan gilasan gaban shagon don hayaƙi ya fita, iska ta samu hanya, wuta ta cinye ɗakin gaba ɗaya cikin ɗan lokaci.

Wani ma'aikacin shagon da ya maƙale a baya an fasa bangon ƙarfe an fito da shi da rai, wannan ma yana cikin rahoton. Ba kushe kaɗai suka yi ba.

Rahoton farko ya fito da shawarwari kusan 200 tun a 2007, babban rahoton kuma a Mayun 2008. Shugaban hukumar, Rusty Thomas, ya sanar da ajiye aiki gab da fitowarsa. Daga baya aka ƙara yawan mutanen da ke kan kowace mota, aka sauya tiyon jawo ruwa zuwa manya, aka sauya kayan sawa, aka sake tsarin horo da na jagorancin wurin gobara.

Ɗan Gwagwarmaya:
Yauwa! Ka ga abin da nake faɗa. Shugaban ya tafi. Abin da ya sa gyaran ya yiwu ke nan, an taɓa babba. Mu kuwa sai a ce a zauna a bayan mota a yi hira, kada a kama sunan kowa. In ba a hukunta wani ba, babu abin da zai canza. Tsoro ne yake sa ma'aikaci ya yi daidai.

Maman Ilham:
Ƙanena, ban yarda da kai ba, kuma daga wurin aiki nake magana. Ni ungozoma ce. A asibitoci akwai zaman da ake yi duk lokacin da mace ta rasu wurin haihuwa ko jariri ya mutu, tsari ne na ƙasa, ba na asibiti ɗaya ba. Sharaɗinsa na farko: ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Ka san dalili? Ranar da ma'aikaciya ta fahimci abin da ta faɗa a zaman zai koma takardar tuhuma, daga ranar fayil zai fara yin kyau. Za ka ga an rubuta an auna hawan jini duk rabin awa, alhali mutum ɗaya ce take kula da ɗaki guda cike da mata. Fayil ya yi tsaf, matar kuma ta mutu, ba wanda ya koyi komai. Amma in an cire tsoro sai ka ji gaskiya: jinin yana nan, mai makullin firij ɗin ne ya tafi gida. Wannan gobe ma ana iya gyara shi, ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
To Anti shi mai makullin a bar shi ke nan? Ya kashe mutum a ce masa sannu?

Maman Ilham:
Wa ya ce a bar shi? Ladabtarwa tana da ofishinta da hanyarta. Ni dai cewa na yi kada a haɗa su zama ɗaya. Kuma ka tambayi kanka, wa ya tsara a ce makulli ɗaya ne tak, a aljihun mutum ɗaya? In ka kore shi ka kawo wani, shi ma ranar da ɗansa ya yi zazzaɓi zai tafi da makullin.

Baba Ritaya:
'Yata ta faɗi abin da yake raina. Aikinmu aikin kaki ne, akwai gaba akwai baya. Yaron da ya ce "yallaɓai, inda ka ce a ajiye mota ne ya toshe wa ta biyu hanya", in ogan ba mai haƙuri ba ne, wata mai zuwa zai ga sunansa a takardar canjin wurin aiki zuwa inda ko motar babu. Sauran sun gani. Daga nan duk zaman da aka kira, amsa ɗaya ce: komai ya tafi daidai, matsalar ruwa ce da cunkoson jama'a. Kuma ruwan da jama'ar gaskiya ne, shi ya sa suke da daɗin fakewa.

Amma Ɗan Gwagwarmaya, kai ma da taka gaskiyar ta wani gefe. In rayuka sun salwanta, bai kamata hukuma ta binciki kanta ita kaɗai ba. Ka lura a labarin Abban Hanif daga waje aka kawo mutane.

Abban Hanif:
Haka ne Baba. A Amurka tun 1998 akwai sashe a cibiyar NIOSH ta gwamnatin tarayya, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata, da yake bin mutuwar 'yan kwana-kwana a bakin aiki. Rahotonsu ba ya ɗauke da sunan mamacin ko na hukumarsa, kuma ba hukunci suke yankewa ba, shawara suke bayarwa, kowa yana iya saukewa a intanet ya koyar da shi a tasharsa. A 2005 kuma ƙungiyar shugabannin hukumomin kashe gobara ta buɗe wani shafi da ma'aikaci zai ba da labarin ranar da ya sha da ƙyar ba tare da ya faɗi sunansa ba. Daga harkar jiragen sama suka kwaikwayo. Hikimar ita ce, kafin a samu gawa ɗaya an yi "saura ƙiris" da yawa da ba wanda ya ji labarinsu.

Hajiyar Landan:
Ina ta karantawa ina jinjina kai. Kada dai ku ɗauka Turawa sun gama da wannan matsalar, don ina nan Landan aka yi gobarar benen Grenfell. Ranar 14 ga Yuni 2017, cikin azumi, bene mai hawa 24, mutum 72 suka mutu. Wutar daga firij ta tashi a hawa na huɗu kafin ƙarfe ɗaya na dare, ta fita ta taga ta kama kwalliyar da aka lulluɓe bangon waje da ita, ta haye sama. Ƙa'idar irin waɗannan gidaje ita ce in wutar ba a ɗakinka take ba ka zauna ka rufe ƙofa, domin an gina kowane gida yadda zai tsare wuta. Masu karɓar kira suka yi ta gaya wa mutane su zauna. Ba a janye wannan umarni ba sai ƙarfe 2:47. Kwamitin Sir Martin Moore-Bick, a rahotonsa na Oktoban 2019, ya ce da an janye tsakanin 1:30 da 1:50 da an rage asarar rayuka.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne an riga an ga irinta. A 2009 an yi gobarar Lakanal House a kudancin Landan, mutum shida suka mutu, a ciki akwai waɗanda aka ce su zauna a ɗaki. An yi bincike, an ba da shawarwari a 2013. Shekara huɗu bayan nan aka sake maimaitawa da mutum 72. Don haka durowar da Ɗan Gwagwarmaya yake magana, nan ma akwai ta.

Ɗan Gwagwarmaya:
Na gode Hajiya. Yau dai na samu mai goya mini baya.

Hajiyar Landan:
Kada ka yi saurin murna, rabin goyon baya ne. Bayan Grenfell an ga canji a hannun 'yan kwana-kwanan: sun samu hular hayaƙi da suke sa wa mutum su fito da shi ta matakala, sun sayo motocin tsani masu kai mita 64, an sake horar da masu karɓar kira. Abin da ya hana rahoton nan kwanciya shi ne iyalan mamatan ba su yi shiru ba, shekara da shekaru suna tattaki suna tambayar ina aka kwana. Rahoto in ba mai bin sa, takarda ce.

Abu Sumayya:
Duk wannan dogon Turanci ne. Gobara ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta zai ƙone sai ya ƙone. Allah ya kiyaye mu kawai.

Malam Na Zaure:
Amin, Abu Sumayya. Amma a yi hattara da inda ake ajiye kalmar ƙaddara. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Musa, Allah ya ƙara masa yarda: wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Ka duba tsarin: abu ya faru, an kawo labarinsa, an fitar da umarnin da zai hana a sake. Shi ne ya fi kowa sanin ƙaddara, kuma bai tsaya a jaje ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisheku mutanen Najeriya. Mu nan masu kashin wuta sojoji ne, lamba 18 aka kira. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai 1987 anka buɗe sabuwa. Gini kam an yi mai kyau da hanyoyi, amma ku je duk wata kasuwa tamu ko taku, hanyar da anka bari don mota, 'yan tebur sun cike ta. Tambayata ga Baba: in kun yi zaman naku kun gano hanya ce ta toshe, ku da ba ku da iko da kasuwa, mi za ku yi da abin da kunka gano?

Baba Ritaya:
Tambaya mai kyau, mutumin Maraɗi. Abin da zaman yake fitarwa kashi biyu ne: wanda yake hannunmu da wanda yake hannun wasu. Na hannun wasu sai dai a rubuta a tura, a kuma ajiye kwafi. Na hannunmu kuwa ba mu da uzuri. Bari in ba ku misali da abin da mutane ba su cika sanin muna yi ba, wato rijiya da masai. Kiran ceto daga rijiya da kududdufi yana da yawa ƙwarai a ƙasar Hausa.

An taɓa kiranmu wani gida, mai yasar rijiya ya shiga bai fito ba. Ƙaninsa ya bi shi, shiru. Maƙwabci ya bi su, shiru. Muna isa, tsakar gida cike, mata suna kuka, maza suna ihu a shiga a shiga. Wani yaronmu mai zuciya ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ba tukunyar iska, don a ganinsa rijiya ce ba wuta ba, ba hayaƙi. Bai kai ƙasa ba igiyar ta yi nauyi. Muka jawo shi a sume, Allah ya sa da sauran kwana. Ramin ba iskar shaƙa a ciki, kuma ido ba ya ganin haka. A zaman da muka yi, oga bai zagi yaron ba. Tambaya ya yi: me ya sa tukunyar take can ƙasan akwatin mota an danne ta da tiyo? Wa ya kamata ya tsaya a bakin rijiya ya hana kowa sauka, har da namu? Daga ranar aka mayar da tukwanen kusa da ƙofa, aka ce duk kiran rami mutum ɗaya aikinsa bakin ramin ne kawai, kuma aka sa abin a atisayen safe. Ko sisi ba a kashe ba.

Ita kanta tukunyar, wadda aka rubuta minti 30, mai aiki da ƙarfi yana haki zai iya shanye ta a ƙasa da minti 20. Shi ya sa ake da allo a bakin ƙofa: kafin ka shiga ka ba da alamar sunanka, a rubuta yawan iskarka da lokacin da ya kamata ka fito. A makarantar horo aka gaya mana asalinsa, kuma daga kasuwa ya fito. A Janairun 1958 wuta ta kama ƙarƙashin kasuwar kaji ta Smithfield a Landan, ma'aikata biyu suka ɓata a ciki iskarsu ta ƙare. Bayan nan aka tsaurara tsarin allon, aka kuma sa wa tukunya usur da yake kuka in iska ta kusa ƙarewa.

Abban Hanif:
Kuma rashin irin wannan lissafin ne ya sa a Charleston aka daɗe ba a ma san mutum nawa ne suke ciki ba, kusan shekara 50 bayan Smithfield.

Alhaji Mai Katifa:
Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ni na shigo ne da niyyar a tayar wa 'yan kwana-kwana da ƙura, sai ga shi labarin shagon kujerun nan ya biyo ta layinmu. Soso har silin muke jibgewa, ba na musu. Rumfunan da aka ƙara a bakin layi ma gaskiya ne. Amma a yi adalci, ba mu muka ba kanmu wuraren ba. Akwai wanda ya yanka, ya karɓi kuɗi, yana kuma karɓar haraji duk wata da rasit. In za a yi bita a faɗi wannan ma.

Ɗan Gwagwarmaya:
Kun gani ko? Mun dawo inda na fara. Wanda ya yanka rumfar ba zai zo zaman bayan mota ba.

Baba Ritaya:
Ba zai zo ba, gaskiyarka. Amma Alhaji, akwai abin da ƙungiyarku za ta iya ba tare da shi ba, kuma ba sai an jira gobara ba. Ku rubuta wa shugaban tashar da ta fi kusa da ku, ku ce ya zo da mota da direbanta ranar da kasuwa ba cika, a gwada shiga ta kowace ƙofa. Inda ta maƙale a shafa fenti a rubuta. A duba waya da rumfar da suka yi ƙasa. Sannan ku kai su wurin tankinku na burtsatse.

Alhaji Mai Katifa:
Tanki kam muna da shi babba, mu muka haɗa kuɗi muka yi bayan wata gobara. Ta nan ba mu da matsala.

Baba Ritaya:
An taɓa jona tiyon motar kwana-kwana a jikinsa an gani?

Alhaji Mai Katifa:
A'a, amma ai ruwa ruwa ne Baba.

Baba Ritaya:
Na taɓa tsayawa gaban tanki cike da ruwa wuta tana ci a bayana, bakin famfon na cika bokiti ne, namu bai shiga ba. Mai aikin famfo ya sa abin da ya saba sawa a gidaje, ba wanda ya tambaye mu. Ku sa su zo da tiyonsu su jona, a kunna, a ga minti nawa yake cika mota. In da injin turo ruwa, a tambaya da me zai tashi, tunda abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne yanke wutar lantarki.

Maman Ilham:
A kuma tambayi wa yake riƙe da makullin ɗakin injin da ƙarfe biyun dare.

Alhaji Mai Katifa:
Makulli yana wurin ma'ajin ƙungiya. Gidansa kuwa yana bayan gari.

Ɗan Gwagwarmaya:
To madalla. Sai kuma man da motar za ta sha ta zo gwajin, wa zai saya? Don na san za a ce babu a kasafi.

Alhaji Mai Katifa:
Wannan mai sauƙi ne, ni zan saya. Wanda nake tsoro shi ne ranar da fentin Baba zai sauka a kan rumfar wani babba a ƙungiya. Akwai guda biyu a bakin ƙofar gabas da na san mota ba za ta wuce su ba, kuma ɗaya ta surukin shugabanmu ce. Baba, in na sa an rubuta takardar zan turo maka ta akwatin sirri ka duba mini kafin mu kai. Wane muƙami ake rubutawa a sama, shugaban tasha ko sai an bi ta hedikwata?

Baba Ritaya:
Ku rubuta wa daraktan hukumar ta jiha, ku ba shugaban tasha kwafi hannu da hannu, a buga muku hatimin karɓa a naku. Ku kuma roƙa a turo da direban da yake kwanan dare, ba na rana ba.